Me ake wa murna idan an faɗaɗa lambun tsirrai?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyyar noma ne a wata sakandare. Na ga labarin yadda ƙasar Singafo ta ƙara wa babban lambun tsirranta fili har ya kai hekta 82, mutane na ta murna. Ni dai a ganina ƙarin fili ne da itatuwa kawai. Mene ne abin murna a ciki? Kuma da za a ba mu fili mu ƙara a kan ɗan lambun da muke da shi, ta ina ake farawa, me kuma yake kashe irin wannan aiki?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka biyu ce a haɗe: me ƙarin fili yake ƙara wa lambun tsirrai, sannan yaya ake yin faɗaɗawar ba tare da an yi asarar kuɗi da itatuwa ba. Zan fara da ta Singafo ɗin tunda ita ka gani, domin amsar ta biyun tana cikinta.

Da farko a bambanta lambun tsirrai da wurin shaƙatawa. Dukkansu akwai inuwa da furanni da benci. Amma a lambun tsirrai kowace bishiya tana da lamba, kuma lambar tana kai ka ga rajista da ke faɗin sunanta na kimiyya, inda aka samo irinta, wanda ya ɗebo, da ranar da aka dasa. Bishiyar da ba a san asalinta ba tana ba da inuwa, amma mai bincike ba zai iya dogara da ita ba, mai son mayar da irinta daji ma haka. Wannan rajistar ita ce ta sa ake kiran wurin lambun tsirrai.

Abin da Singafo ta ƙara

An kafa lambun a shekarar 1859 a unguwar Tanglin. Sunansa ya fito ne ta hanyar roba: a 1877 aka kawo 'yan itatuwan roba daga lambun Kew na Ingila, sannan Henry Ridley, wanda ya zama shugaban lambun a 1888, ya gyara hanyar tsaga bawon bishiyar yadda za a riƙa tatsar ruwanta shekara da shekaru ba tare da ta mutu ba. Daga nan noman roba ya bazu a yankin Malaya. A 2015 hukumar UNESCO ta sa lambun cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko a lambunan tsirrai na ƙasashe masu zafi da ya samu wannan matsayi.

Faɗaɗawar da ka ji labari kashi biyu ce. A watan Maris na 2017 aka buɗe wani yanki mai kusan hekta 10 da ake kira Learning Forest. Sai yankin Gallop mai hekta 8, wanda aka fara buɗewa a 2019 aka ƙarasa manyan sassansa a 2021, shi ne ya kai jimillar hekta 82. A cikin Gallop akwai tsofaffin gidaje biyu na zamanin Turawa da aka mayar ɗaya wurin koyar da ilimin daji, ɗaya wurin nuna zane-zanen tsirrai, akwai kuma filin wasan yara. Waɗannan su ne jama'a suka fi ɗauka a hoto. Abin da masana tsirrai suka fi yi wa murna shi ne gandun da aka keɓe wa dangin itatuwan da ake kira diftarokaf, inda aka tara nau'i wajen 200.

Ga dalili. Yawancin iri ana iya adana shi a ma'ajiyar iri: a busar da shi har danshinsa ya sauka zuwa kashi 3 zuwa 7 cikin ɗari, a rufe a kwalba ko jakar da iska ba ta shiga, a sa a sanyin da ya kai maki 20 ƙasa da sifili. Gero da dawa da wake duk suna jure wannan, su yi shekaru masu yawa da ransu. Lambun Singafo ma ya buɗe irin wannan ma'ajiya a 2019. To amma akwai itatuwan da irinsu yake mutuwa da zarar ya bushe. Diftarokaf na cikinsu, kuma su ne manyan itatuwan dazukan kudu maso gabashin Asiya, waɗanda masu yankan katako suka fi nema. Da yawansu ba sa 'ya'ya kowace shekara, sai bayan wasu shekaru su zuba gaba ɗaya, irin kuma ya lalace cikin 'yan kwanaki ko makonni. Irin wannan bishiya ba ta ajiyuwa a firji. Sai dai a dasa ta a raye, kuma bishiyar da za ta haura mita 40 tana buƙatar fili na gaske. Ka san wannan matsalar a gida: ƙwarar kaɗanya da goro da ƙwallon mangwaro duk haka suke, in suka bushe sun tashi daga aiki. Saboda haka wannan gandu a tsakiyar birnin da fili ya fi komai tsada wuri ne da aka ba wasu itatuwa da ba su da wata hanyar tsira a wajen dajinsu.

Amfani na biyu kariya ce. A cikin tsohon lambun akwai guntun kurmi na asali mai kusan hekta 6. Guntun daji ƙarami yana lalacewa ne daga gefe: rana da iska suna shiga, ƙasa ta bushe, ciyayi masu mamaya su kutsa. Idan aka sa wani daji a maƙwabtakarsa, zafin gefen yana raguwa, tsuntsaye da jemagu masu ɗaukar iri su samu hanyar kai-komo. A yankin da aka buɗe a 2017 an kuma duba tsofaffin taswirori na ƙarni na 19 aka dawo da fadamar da ta taɓa kasancewa a wurin, wadda ruwanta ke gangarawa tafkin tsohon lambun.

Na uku shi ne rage wa tsohon yankin nauyin ƙafa. Shiga lambun kyauta ne in ban da sashen furannin okid, kuma a buɗe yake daga ƙarfe 5 na asuba zuwa 12 na dare. Akwai wata tsohuwar bishiyar tembusu a ciki, wadda hotonta ke jikin takardar dala 5 ta ƙasar. Mutane sun yi ta tattaka gindinta suna hawa reshenta har ƙasar ta danƙare, dole a 2013 aka kewaye ta da shinge aka bar ganye ya ruɓe a gindin don saiwar ta farfaɗo. Shi ya sa a sabon yankin aka ɗaga hanyoyin katako sama da ƙasa, wata har kusan mita 8, mutane su ga daji ba tare da sun taka saiwa ba.

Ta ina ake farawa

Yanzu ga naka. Ka tuna Singafo tana samun ruwan sama fiye da milimita 2,000 a shekara, ba ta da rani irin namu. A yawancin ƙasar Hausa ruwan bai kai rabin haka ba, kuma cikin wata huɗu zuwa biyar yake sauka. Don haka tsarin tunaninsu za ka ɗauka, jerin itatuwansu kuwa ka bar musu.

Kafin a sayi dashe ko ɗaya, a rubuta a shafi guda abin da sabon filin zai tara. Misali: itatuwan gida masu 'ya'ya da ke ƙaranci a gonakin yankin, ko tsirran magani, ko itatuwan da ke cikin manhajar ɗalibai. Lambun da ba shi da wannan takarda yana karɓar duk abin da aka kawo masa kyauta, bayan shekara biyar sai ka tarar rabinsa dogonyaro ne da turare.

Sai lissafin ruwa, kuma a nan ne mafi yawan ayyuka suke faɗuwa. Ƙaramin dashe a ƙasa mai yashi yana buƙatar kamar lita 20 sau biyu zuwa uku a mako a lokacin rani, har tsawon rani biyu ko uku. Dashe 300 ke nan lita 18,000 a mako idan sau uku ne. A gwada rijiyar burtsatse a watan Afrilu, lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa, a ga lita nawa take bayarwa a awa kafin ta ja baya. Abin da ta bayar a bazara shi zai yanke yawan dashen da za a yi. A kuma kai ruwan a auna gishirinsa, domin ruwa mai gishiri ko kanwa yana ƙone bakin ganye a hankali har a zaci cuta ce. In ruwan bai isa ba, a raba filin kashi uku a riƙa dasa kashi ɗaya duk shekara.

Ƙasa ana duba ta ta hanya biyu. A ɗebi samfuri daga wurare 10 zuwa 15 a kowane yanki mai kama ɗaya, na sama daga santimita 0 zuwa 30 daban, na ƙasa daga 30 zuwa 60 daban, a kai ɗakin gwaji a auna tsami da gishiri da abincin shuka. Sannan a haƙa ramuka masu zurfin rabin mita a wurare daban-daban, a cika su da ruwa, in ya tsotse a sake cikawa. Ramin da ruwa ya kwana a ciki har washegari, wurin bai dace da kuka ko aduwa ba, sai a ba wa masu son danshi irin su giginya da ɗinya. Idan diga ta ci karo da marmara a kusa, a san cewa saiwa za ta yi ta yawo a sama, iska mai ƙarfi kuma ta kayar da bishiyar tana shekara goma.

Shinge yana gaba da dashe. Akuya ɗaya tana iya gama da aikin damina guda cikin yini. A bayan shingen a share hanya mai faɗin mita 4 zuwa 6 a zagaye, a riƙa nome ta duk kaka kafin ciyawa ta bushe, saboda gobarar hunturu.

Itatuwan da aka tarar a filin

A nan zan daɗe kaɗan, domin kuskuren da ya fi ba ni takaici a wannan aiki shi ne a kawo katafila ta share fili tas, a tumɓuke marke da kanya da tsamiya masu shekara hamsin, sannan a dasa 'yan itatuwa masu tsayin gwiwa a ce an yi lambu. Abin da aka tarar a tsaye shi ne dukiyar farko ta sabon yankin. A zagaya a ba kowace lamba, a auna kaurinta, a sa ta a taswira, sannan a zana hanyoyi su kauce mata.

Barin bishiya a tsaye ma bai isa ba. Yawancin saiwoyin da take sha da su suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, kuma suna bazuwa fiye da inda inuwarta ta tsaya. Ƙa'idar da ake bi ita ce a auna faɗin gangar jikinta a tsayin ƙirji, a ninka sau 12, abin da ya fito shi ne nisan da za a kewaye daga gindinta. Bishiya mai faɗin santimita 50 ke nan mita 6 ta kowane ɓangare. Cikin wannan da'ira ba a ajiye yashi ko bulo, ba a kwaɓa siminti, tifa ba ta bi, ba a haƙa ramin bututu. Ba a kuma ƙara ƙasa a kai, domin ko santimita 15 na cikon laka yana iya toshe wa saiwa iska. Wahalar ita ce bishiyar da aka cutar ba ta nunawa nan take. Sai bayan shekara biyu zuwa biyar za ka ga rassan sama suna bushewa, lokacin 'yan kwangila sun daɗe da tafiya, a ɗora wa gara laifi.

Inda dole a yi gini ko hanya, a kankare ƙasar sama, santimita 15 zuwa 20 na farko, a tara ta gefe daban, tulin kada ya wuce mita ɗaya da rabi, a mayar da ita wurin dashe. Kada a yi aikin da manyan motoci ƙasa tana jiƙe.

Iri, reno da dashe

Idan manufar adana itatuwan gida ce, asalin iri yana da muhimmanci. Dashe 50 daga uwa ɗaya kusan abu ɗaya ne aka maimaita. A ɗebo daga iyaye masu yawa da ke nesa da juna, a ware na kowace uwa da lambarsa, kuma kada a kwashe fiye da kashi ɗaya cikin biyar na 'ya'yan da ke kan bishiya. Iri mai taurin ɓawo kamar kuka da gawo da bagaruwa da ɗorawa yana buƙatar a kankare gefensa kaɗan ko a zuba masa ruwan zafi a bar shi ya kwana, in ba haka ba tsirowarsa za ta yi ta jan lokaci. Kaɗanya kuwa a shuka ta cikin 'yan kwanaki da faɗowarta, kuma gara a shuka ta a inda za ta zauna ko a leda mai zurfi, saboda uwar saiwarta tana nutsawa tun ganye bai fito ba. Duk tsiron da ya zo daga wani wuri a keɓe shi mako huɗu zuwa shida nesa da wurin reno a ga ko yana ɗauke da ƙwari. Wanda ya fito daga wata ƙasa sai da takardar lafiyar tsirrai da izinin ƙasar da ya fito. A yi hattara da tsiron ado mai saurin yaɗuwa: wata shukar fure da ake kira lantana ta hanyar lambuna ta shiga ƙasashe da dama ta zama annoba. In za a yi ɗan tafki, a sa ido kan kacalla, wadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru.

Mako biyu zuwa huɗu kafin dashe a fara rage wa 'yan itatuwan inuwa da ruwa don su saba. A dasa bayan damina ta zauna sosai, ƙasa ta jiƙe zurfin aƙalla santimita 30, yadda za su samu wata biyu ko fiye na ruwan sama. Ramin ya ninka faɗin ledar sau biyu ko uku, amma zurfinsa kada ya wuce tsayin ƙasar da ke cikin ledar. Dasawa da zurfi yana kashe itatuwa da yawa: wuyan bishiya, inda jiki ya haɗu da saiwa, in ya nutse a ƙasa ruɓewa yake yi. A cire ledar gaba ɗaya. In saiwa ta nannaɗe a gindin leda a yanke ta ko a warware, domin in aka bar ta haka za ta shaƙe bishiyar bayan shekaru. Taki ya zama ruɓaɓɓe, a cakuɗa shi da ƙasar sama, ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa. A shimfiɗa busasshen ganye kaurin santimita 5 zuwa 10 a zagaye, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da jikin dashen saboda gara da ruɓa. Turke sai in dole, a ɗaure da ƙyalle mai faɗi sakwa-sakwa, a cire cikin shekara guda.

Tazara kuma a yi ta da girman bishiyar na gaba. Kuka, ɗorawa da maɗaci suna son mita 10 zuwa 15 tsakaninsu. Filin zai yi kamar fanko a shekarun farko, shugabanni za su ce a cike, to a cike da ƙananan tsirrai da za a iya cirewa daga baya.

Game da ciro babbar bishiya daga wani wuri don filin ya yi kyau ranar buɗewa, ana yi, amma da tsada da haɗari. Curin ƙasar da za a ɗauko da saiwa dole ya ninka faɗin gangar jiki sau 10 zuwa 12, kuma a yanke saiwar a zagaye watanni kafin ranar. Itatuwanmu masu doguwar uwar saiwa, irin gawo da kaɗanya, ba sa jure wannan. Dashe mai tsayin rabin mita da aka kula da shi yakan kamo wanda aka ciro da girmansa cikin 'yan shekaru.

Rajista da abin da ke biyo bayan biki

Lambar kowane dashe ta ƙunshi shekara da jerin shigowa, kamar 2025/014. A buga ta a ƙaramin farantin alminiyam a rataya da waya sakwa-sakwa, a riƙa sassautawa duk shekara don kada ta nutse a ɓawo. Allon da baƙi za su karanta daban ne, mai sunan Hausa da na kimiyya da dangi da amfani. Alluna suna ɓacewa, don haka taswira ita ce madogara: a auna wurin kowace bishiya daga turaku biyu na siminti, ko a ɗauki lambobin wurin da waya. Rajistar ta kasance a littafi da kwamfuta, kwafi ɗaya a wani ofis. Wannan aiki ne da ɗalibanka za su iya riƙewa: kowane aji ya ɗauki layi, duk watan Nuwamba a ƙirga masu rai, a auna tsayi, a rubuta abin da ya kashe waɗanda suka mutu. Asarar kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari a shekarar farko ba abin tayar da hankali ba ce, shi ya sa ake barin ragowar dashe a wurin reno don cike gurbi.

Bikin buɗewa yana da amfaninsa, yana jawo masu taimako, yana sa unguwa ta ɗauki wurin nata. A dai sa ranarsa cikin damina. Idan aka sa shi a Fabrairu don ya dace da lokacin babban baƙo, itatuwan da aka dasa a gaban kyamara ba sa kai Mayu. Kuma kafin a buga katin gayyata a tabbatar akwai kuɗin mai ban ruwa, man janareta ko gyaran sola, da gyaran shinge na shekara uku.

Tunda wuri ne da jama'a za su shiga, tsofaffin itatuwan da ke kusa da hanya suna buƙatar dubawa aƙalla sau ɗaya a shekara, da kuma bayan kowace guguwa: naman kaza a gindi, kogo, tsagewa a mahaɗar rassa, ƙasa da ta ɗaga a gefe guda, kauci da ya yi yawa. Ko a Singafo, da duk kulawarsu, wata tsohuwar tembusu ta faɗi a watan Fabrairun 2017 ta kashe mace ɗaya, kuma ruɓar tana can cikin saiwa inda ido ba ya gani. Bishiyar da ake shakka a kanta, a janye benci da hanya daga ƙarƙashinta tun kafin a yanke shawarar sare ta.

Adadin da na ba ka na ruwa da tazara ma'auni ne na farawa, ƙasar laka a Zariya da yashin Damagaram ba za su sha ruwa iri ɗaya ba, sai ka tona da hannu kwana biyu bayan ban ruwa ka ga inda danshi ya tsaya ka daidaita. Sannan lambu, komai girmansa, 'yan itatuwa kaɗan yake ɗauka daga kowane nau'i, ba zai maye gurbin dajin da ake sarewa ba. Ga makaranta, shawarata a shekarar farko ita ce nau'i 15 zuwa 20 na gida, biyar-biyar daga iyaye daban-daban, a kusa da tankin ruwa, sauran filin a kewaye shi a bar abin da zai tsiro da kansa ya tsiro. Sau da yawa kututturen da aka zaci ya mutu yana tohowa idan aka hana dabbobi da wuta, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a datse sauran, a ba shi lamba kamar kowane dashe.